Tambaya kan abatmen: shin siffarsa ce ke cinye ƙashi a gindin haƙorin dashe?

Malama_mai_alli:

Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya san harkar dashen haƙori ya warware mini wani abu kafin in koma wurin likitana.

Turmina na ƙasa ta hagu ne ya tsage har cikin saiwa, aka cire shi. Da wurin ya warke aka kafa mini ƙusar taitaniyom a ƙashin muƙamuƙi, yanzu likita ya ce ta kama sosai, saura a ɗora haƙori. A nan ne ya fito da maganar abatmen, wato guntun da ake ɗaurewa a kan ƙusar da ɗan sukuru, ya ratso ta cikin dasashi, sannan hular haƙorin ta zauna a kansa. Ya ce akwai na kanti wanda kamfani ya riga ya ƙera, akwai kuma wanda za a ƙera daidai da bakina. Akwai na taitaniyom, akwai fari na zakoniya, wani abu mai tauri da ba ƙarfe ba ne. Hular kuma ko a liƙa ta da siminti ko a ɗaure ta da sukuru. Cikin bayani ya ambaci cewa dasashina siriri ne, ranar da ya kafa ƙusar ya auna bai wuce milimita 2 ba, amma bai tsaya a kan maganar ba, ni ma ban san abin tambaya ba ne.

Abin da ya sa hankalina bai kwanta ba shi ne yayata. Tana da irin wannan dashen a sama, kusa da fiƙa, shekaru ke nan. Da farko ba za ka bambanta shi da sauran haƙoranta ba. Yanzu in ta sa burushi sai jini, bakin dasashin ya yi duhu-duhu, wani lokaci har da ɗan wari. Da aka ɗauki hoton eksiray sai aka ga ƙashi ya janye daga wuyan ƙusar. Likitan da ya duba ta (ba wanda ya yi mata aikin ba ne) ya ce ƙusar ba ta da laifi, abin da aka ɗora a kanta ne ya jawo.

To shi ne nake tambaya. Da gaske ne ɗan guntun nan zai iya sa ƙashi ya zaizaye bayan shekaru? In haka ne, me zan nema a yi mini, ni mai siririn dasashi? Zakoniyan nan ya fi lafiya ne, ko fari ne kawai? Na fi son bayani mai dalili a kan a ce mini "ki bar wa likita", don na riga na bar masa, so nake in fahimci abin da na bari.

Likitan_dasashi:

Wa alaikumus salam, Malama. Da gaske ne. Kuma maganar da likitanki ya faɗa a tsaitsaye, ta kaurin dasashi, ita ce babba a cikin duk abin da kika lissafa.

Haƙorin da Allah ya halitta yana da zaruruwa da suka fito daga dasashi da ƙashi suka cusa kansu cikin saiwa, suka riƙe ta gam, kuma jini yana zuwa wurin ta hanyoyi da yawa. Ƙarfe ba ya karɓar zare. Zaruruwan naman da ke kewaye da abatmen kwanciya suke yi a jikinsa suna zagaye shi, ba sa shiga, jinin wurin ma bai kai na haƙori ba. Saboda haka rufin da ke tsakanin dattin baki da ƙashi ya fi rauni a dashe, abin da ke kare shi kuwa shi ne tsayin naman. Jiki yana son kimanin milimita 3 zuwa 4 na nama daga bakin dasashi zuwa kan ƙashi. In bai samu ba, sai ya nema da kansa, kuma wurin da yake samowa ɗaya ne, ya narkar da ƙashi ya yi ƙasa har naman ya sami tsayin da yake so. Berglundh da Lindhe na jami'ar Gotenbag a Suwidin sun nuna haka a 1996: suka rage kaurin dasashin karnuka a gefe ɗaya, ƙashin wannan gefen ya janye. A 2009 Linkevicius na Lituweniya ya gwada a jikin mutane. Waɗanda namansu bai wuce milimita 2 ba sun rasa kusan milimita 1.5 na ƙashi a shekarar farko, masu kauri kuwa asararsu ba ta kai 0.3 ba. Kin ga inda kike tsaye ke nan.

Daga nan maganar tsayin wuyan abatmen ta taso. Ba tsayinsa gaba ɗaya nake nufi ba, tazarar da ke tsakanin kan ƙusa da inda gefen hula ya fara. In wuyan gajere ne, hula ta sauko ta zauna kusa da ƙashi, nama ba shi da wurin zama. Galindo-Moreno da abokan aikinsa a Giranada ta Sifaniya sun buga a 2014 cewa abatmen da wuyansa bai kai milimita 2 ba ya fi jawo asarar ƙashi, kuma waɗanda suka sake bin maganar bayansu sun ga haka. Ni a wurina wannan ya fi zaɓin taitaniyom ko zakoniya nauyi nesa ba kusa ba.

Za ki ce ta yaya za a sa wuya mai milimita 2 ko fiye a cikin naman da shi kansa milimita 2 ne? Hanya uku ce. Ko dai tun ranar tiyata an nutsar da kan ƙusar kaɗan ƙasa da bakin ƙashi don a sami ƙarin zurfi, wanda mai yiwuwa likitanki ya yi tunda har ya auna. Ko a ƙara kaurin naman, da ɗan yanki daga ganɗa ko da wani abin da ake shimfiɗawa a madadinsa. Ko kuma a haƙura ɗan zoben ƙarfe ya bayyana a bakin dasashi. A haƙorin gaba ba mai yarda da ta ukun. A turmin ƙasa, wanda ba mai gani sai ke da madubi, ni ban ga aibinta ba, har na fi son ta a kan a danne nama don neman kyan da ba wanda zai yaba.

Sai mahaɗa, inda abatmen ya haɗu da ƙusa. Komai kyan ƙira akwai 'yar tsaga a wurin da ido ba ya gani amma bakteriya na shiga, kuma naman da ke daura da ita kullum yana ɗauke da ɗan kumburi. Ƙusoshin farko na Branemark, wanda ya yi wa mutum na farko dashe a 1965, suna da ɗan tudu mai kusurwa shida a sama, tsayinsa milimita 0.7, abatmen ya hau kansa, faɗinsu ɗaya, tsagar tana kallon ƙashi kai tsaye. A wancan zamanin in ƙashi ya janye milimita 1 zuwa 1.5 a shekarar farko ba a ɗaukarsa matsala. Ma'aunin da Albrektsson da abokansa suka fitar a 1986 cewa ya yi bayan shekarar farko kada asarar ta kai milimita 0.2 a shekara. Daga baya Hermann da abokansa suka yi wani gwaji da nake so ƙwarai a 2001: wasu ƙusoshin suka yi musu walda da abatmen, wasu suka ɗaure da sukuru, da tsaga ƙarama da babba. Waɗanda aka yi wa walda ƙashinsu ya fi tsayawa ko da tsagar babba ce. Wato motsin da ke faruwa a mahaɗa lokacin tauna ya fi girman tsagar ɓarna.

Shi ya sa yawancin ƙusoshin yau mahaɗarsu a ciki take, mai siffar mazurari, abatmen ya nutse ya matse. Dabarar ma ba ta likitoci ba ce, maƙeran injina ne suka daɗe da ita tun da Stephen Morse ya fito da ita a 1864 don riƙe bakin abin huda ƙarfe. Irin wannan mahaɗar ta fi hana motsi, sukurunta bai cika kwancewa ba, amma duk wanda ya ce miki ba ta da tsaga sam talla yake yi.

Akwai kuma sa abatmen wanda bai kai ƙusa faɗi ba, don tsagar ta matsa ciki ta yi nesa da ƙashi. Wannan bisa tsautsayi aka gano shi. A 1991 an fito da ƙusoshi masu faɗin milimita 5 da 6 kafin a ƙera musu abatmen daidai da su, likitoci suka riƙa ɗora na milimita 4.1, shekaru suka wuce aka ga ƙashin waɗannan ya fi tsayawa. Lazzara da Porter ne suka rubuta labarin a 2006. Da Atieh ya tattara bincike-binciken da aka yi a kai a 2010, ribar ta kama kusan milimita 0.4. Riba ce, amma ba wadda za ta ceci siririn nama ba, Linkevicius ya nuna hakan ma.

Abin lura a nan, Malama: irin mahaɗa an gama zaɓarta ranar da aka kafa miki ƙusa, ba abin da za ki canja yanzu. Abin da ya rage a hannunki shi ne tsayin wuya, siffar hula, da maganar siminti. Waɗannan biyun na ƙarshe akwai waɗanda suka fi ni taɓa su da hannu a nan, na bar musu.

Maƙerin_haƙora:

Likita ya jefo mana ƙwallo, bari in karɓa. Ni a ɗakin haɗa haƙora nake aiki, mu ne muke ƙera abin da ake ɗorawa, mu ne kuma ake zagi in ya lalace.

Anti, matsalar turmi lissafi ce. Ƙusar da aka sa miki faɗinta ba zai wuce milimita 4 zuwa 5 ba. Turmin ƙasa kuwa faɗinsa ya kai 10 zuwa 11. Dole haƙorin ya buɗe daga siriri zuwa faffaɗa, tambayar ita ce a cikin tsayi nawa zai buɗe. In akwai zurfi, sai ya buɗe a hankali, nama ya kwanta a jikinsa, burushi ya kai ko'ina. In babu zurfi, sai ya buɗe lokaci ɗaya kamar lema a kan sandarta, ƙarƙashin lemar nan kuwa ba burushin da zai shiga, dattin baki ya taru ya zauna. Katafuchi da abokansa a Siyatil ta Amurka sun auna wannan buɗewar a hotunan eksiray a 2018. A ƙusoshin da kansu ke daidai da bakin ƙashi, inda buɗewar ta wuce digiri 30 kusan kashi 31 cikin ɗari sun kamu da ciwon da ke cin ƙashi, inda ba ta wuce ba kashi 15. In kuma gefen ya yi tulluwa maimakon ya ɗan lotsa, abin ya ƙara muni. Shi ya sa ni ɓangaren da ke cikin nama nake yinsa siriri mai ɗan lotsawa, sai dab da bakin dasashi in buɗe shi.

Amma a nan zan ɗan ja da Likita, cikin ladabi. Ya ce siffar hula tana hannun mai haƙori. Rabi ne kawai a hannunta. In an kafa ƙusa a sama-sama, ko ta karkata gefe, ko ta matsa kusa da haƙori ɗaya ta bar fili a ɗaya ɓangaren, ba abin da zan iya yi a kwamfuta da zai gyara. Sai in rufe filin da tulluwa, ko in bar rami abinci ya riƙa maƙalewa. In aka tambaye ni, ramin na fi zaɓa, don rami ana iya wanke shi. Marasa lafiya kuwa tulluwar suke so, saboda harshe ba ya jin gibi. Ki sani in kika koma kina ƙorafin "abinci na shiga", abin da za a yi miki shi ne a toshe hanyar da burushi zai bi.

Maganar siminti kuwa, zan iya rantsewa ita ce ta farko da zan duba a bakin yayarki. Abatmen na kanti gefensa a daidaice yake duk zagaye, dasashi kuwa ba haka yake ba, yana hawa tsakanin haƙora yana sauka a gaba da baya. To gefen da ke milimita 1 ƙarƙashin nama ta waje sai ya zama 3 ko 4 a tsakanin haƙora. Aka danna hula, siminti ya tsiyaye can ƙasa, likita ya goge abin da ya gani, wanda bai gani ba ya zauna. Eksiray ba ya nuna na ɓangaren kunci da na ɓangaren harshe, wani simintin ma ba ya fita a hoto ko kaɗan. Wilson a Amurka ya leƙa ƙarƙashin dasashi da 'yar kyamara a 2009, ya tarar da ragowar siminti a kashi 81 cikin ɗari na dashen da ke da alamun ciwo, da aka kankare kuma kashi 74 alamun suka ɓace. Wasu sai bayan shekaru abin ya bayyana, shi ya sa ba a cika zargin simintin ba.

Don haka a turminki ni sukuru zan ce. Ramin sukurun yana fitowa ta saman da ake tauna, a cusa ɗan zaren tefulon a rufe da farin abin cike haƙori, ranar da ake son dubawa a buɗe a kwance. Sai dai ko a nan akwai tarko. Yawancin hulunan sukuru yanzu a kan wani ɗan gindin taitaniyom muke liƙa su a ɗakin aiki, mu goge simintin a hannu, wannan lafiya lau. Amma gindin nan yana zuwa da tsayin wuya iri-iri, kuma wanda ya fi yawa a aljihun tebur shi ne mafi gajarta, na milimita 1 ko ƙasa da haka. In likita bai rubuta tsayin da yake so ba, shi za a ɗauko. Kin ga an gudu daga siminti an faɗa gajeren wuyan da Likita ya yi gargaɗi a kai. In kuma dole sai siminti, to a ƙera abatmen daidai da bakinki, gefensa ya bi hawa da saukar dasashi, kada ya nutse fiye da milimita 1.

Zakoniya amfaninsa na farko launi ne. Jung da abokansa a Zurik sun gwada a 2007, taitaniyom yana nuna duhunsa ta cikin nama mai kaurin milimita 2, in ya kai 3 ido ba ya rarrabewa. A haƙorin gaba wannan magana ce babba, a turmin ƙasa ba komai ba ce. Ta fuskar nama duka biyun dasashi yana zama da su lafiya. Waɗanda Abrahamsson ya ga nama yana gudu daga gare su a gwajin karnuka na 1998 su ne zinare da tangaran ɗin da ake shafawa a kan ƙarfe. Abin da ba na so shi ne abatmen da zakoniya ne har cikin ƙusa, a wurin tauna yana iya karyewa, kuma ya fi taitaniyom tauri, yana cin cikin ƙusar. Gindi taitaniyom, sama zakoniya, ɓangaren da ke cikin nama a goge shi sumul ba tare da an shafa masa ƙyalli ba.

Abu na ƙarshe, ki tambaya ko abatmen ɗin na kamfanin da ya yi ƙusar ne. Akwai na kwaikwayo masu shiga daidai a ido, wasu ma ba laifi, amma ni ba zan sa wa 'yar'uwata abin da ban san yadda ya zauna a ciki ba.

Malama_mai_alli:

Allah ya saka muku da alheri, Likita da ƙanena. Yanzu na gane dalilin da ya sa ya auna.

Wani abu ya faɗo mini. Ɗan murfin ƙarfen da ke kan ƙusar yanzu, wanda nama ya warke a kewayensa, an kwance shi an mayar lokacin aune, kuma ya ce za a sake kwancewa ranar gwaji. Duk lokacin da aka cire sai in ga ɗan jini a auduga. Tunda kun ce rufin wurin mai rauni ne, wannan cire-mayar ɗin ba ya yin ɓarna? Sannan yayata, ƙashin da ya tafi yana dawowa in an canja abin da ke sama?

Tsohon_direba:

'Yata, bari tsoho ya sa baki. Ni ba likita ba ne, amma ina ɗauke da ƙusa biyu a muƙamuƙin ƙasa tun kafin a fara wannan maganar mazurari da zakoniya. Irin tsohon yayin ne da Likita ya kwatanta, mai tudu a sama. Hotunana sun nuna ƙashi ya ɗan sauka a farko ya tsaya, har yau yana nan inda ya tsaya.

Sau ɗaya na sha wahala. Na fara jin haƙorin yana ɗan rawa in na taɓa da harshe, sai wani ɗanɗano marar daɗi, dasashin ya kumbura ya yi ja. Na ɗauka ƙusar ce ta tafi. Da aka duba sukuru ne ya kwance, aka cire hular aka wanke, aka sa sabon sukuru aka ɗaure da ɗan sifana mai ma'auni, cikin 'yan kwanaki kumburin ya sauka. Likitan ya ce ina gurza haƙora cikin barci, ya yi mini robar da nake kwana da ita. Abin da zan ce miki, in kika ji rawa komai ƙanƙantarta kada ki jira, kada kuma ki ci gaba da tauna a kai.

Ban raina ilimin yaran nan ba, amma ina ganin ana cika lissafin milimita a manta da mai bakin. Na bar taba kafin a yi mini aikin ban koma ba. Ɗan burushin tsakanin haƙora kullum dare sai ya ratsa ta kowane gefe. Ina zuwa a duba ni ko ba abin da ke damuna. Na san waɗanda aka yi wa na zamani mai tsada bayan nawa, yau babu shi a bakinsu.

Likitan_dasashi:

Baba, ba wanda zai ja da kai, sai dai in ƙara abu ɗaya: burushinka yana ratsawa ne don wanda ya ƙera maka hular ya bar masa hanya. Serino da Ström a Suwidin sun duba masu ciwon da ke cin ƙashi a gindin dashe a 2009, suka tarar yawancin ƙusoshin da suka kamu suna wuraren da mai su ba zai iya wankewa ba ko ya so. Tsafta da siffa abu ɗaya ne a wurina. Zuwa dubawar da kake yi kuwa akwai lissafi a bayansa. Costa a Birazil ya bi mutanen da dasashin dashensu ya riga ya fara kumburi har shekara 5. Masu zuwa a wanke musu a kai a kai kashi 18 cikin ɗari ne abin ya kai ga ƙashi, waɗanda ba sa zuwa kusan kashi 44. Kuma ciwon ba baƙo ba ne, tattarawar Derks da Tomasi ta 2015 ta ba da kusan kashi 43 na masu dashe da kumburin nama, kashi 22 da wanda ya taɓa ƙashi. Na kuma karɓi gyaran ƙanena maƙeri, gaskiya ya faɗa, hula ba ta gyara ƙusar da aka kafa a karkace.

Malama, cire-mayar yana taɓa rufin, jinin da kika gani shi ne shaida. Abrahamsson ya kwance ya mayar da abatmen sau 5 a karnuka a 1997, nama da ƙashi suka ɗan yi ƙasa. Daga nan wasu suka ɗauki tsarin sa abatmen na dindindin tun ranar tiyata, ba a sake taɓa shi. A jikin mutane bambancin da aka samu kaɗan ne, bai kai rabin milimita ba a yawancin binciken. Cirewa don aune da gwaji ba abin tayar da hankali ba ne, muddin abin da za a mayar mai tsabta ne kuma ba a bar wurin a buɗe ya daɗe ba, don naman yana rufowa cikin mintuna. Yawan maimaitawa babu dalili shi ne ba a so.

Game da yayarki, a raba abu biyu. In kumburin a nama kawai yake, yana warkewa sarai in an kawar da sanadi. In ƙashi ya tafi, ba ya dawowa da kansa, abin da ake nema shi ne a tsayar da shi, wani lokaci kuma in ramin mai bango ne a yi tiyata a cike wani ɓangare. Matakin farko a cire hular a gani da ido, ko da sai an huda ta. In siminti ne a kankare, in tulluwa ce a rage ko a sake ƙerawa. Duhun da kike gani yana iya zama ƙarfe ne ke nunawa ta siririn nama, yana iya zama naman ne ya janye. A kuma duba sauran haƙoranta, don wanda ya taɓa ciwon dasashi mai cin ƙashi ya fi kowa haɗarin kamuwa a dashe, taron masana na 2017 a Shikago ya tabbatar da wannan. In tana da ciwon sukari a kula da shi. Kada ta bari sai ta ji zafi, wannan ciwon ba ya cika zafi ba.

Ke kuma ranar da za a ɗora miki, ki nemi a ɗauki eksiray bayan an ɗaure, hoton da zaren ƙusar ya fito tsaf ta gefe biyu. Da shi za a tabbatar abatmen ya zauna har ƙasa, da shi kuma za a riƙa kwatanta duk hoton da za a ɗauka nan gaba, in babu shi ba mai iya cewa ƙashi ya motsa ko bai motsa ba. A rubuta miki sunan kamfanin ƙusar, faɗinta da tsayinta, irin mahaɗarta, tsayin wuyan abatmen, da ƙarfin da aka ɗaure sukuru, wanda a yawancin kamfanoni yana tsakanin 25 da 35 Ncm (ma'aunin ƙarfin murɗa sukuru). In kika canja likita wata rana takardar nan ce za ta sa ya san sukurudireban da zai ɗauko. Kafin ki tashi daga kujera kuma a ba ki ɗan burushin da ya dace da gibin, ki zura da hannunki ta gaba da ta bayan haƙorin. In bai shiga ba a gyara hular a ranar.